Wuri da Alama a Finafinan Fargaba: Yadda Ake Riƙe Zuciyar Mai Kallo

A fim ɗin Suspicion na 1941 akwai wata fitowa da magidanci ke hawa matakala da dare, riƙe da faranti mai ɗauke da kofin madara, zai kai wa matarsa da ke kwance a sama. Babu bindiga, babu wuƙa, ba wanda ya ɗaga murya. Sai dai matar ta riga ta fara zargin cewa mijin na neman ranta, mai kallo kuma ya san da zargin. Gidan ya yi duhu, madarar kuwa ta fi komai haske a cikin hoton. Daraktan, Alfred Hitchcock, ya faɗa daga baya cewa ƙwan fitila ya sa aka jefa cikin kofin, don kada idon mai kallo ya sauka a ko'ina sai a kansa.

Irin wannan fitowa ce ke sa mutum ya ce, "Ai ba a yi komai ba, amma gabana sai faɗuwa yake." Ita ce kuma ke haddasa gardama tsakanin masu sharhin fim. Wasu na cewa kowace ƙofa da kowane launi na ɗauke da saƙo, wasu na cewa yawancin wannan fassara shaci-faɗi ne. Kafin a duba hujjar kowane ɓangare, sai an fara rarrabe abubuwan da ake yawan cakuɗawa.

Zullumi daban, razana daban

Fim ɗin fargaba shi ne wanda aka gina a kan haɗarin da ke tafe bai iso ba tukuna: ana bin sawun wani, ana shirya kisa, ko lokaci na ƙurewa. Ya bambanta da fim ɗin ban tsoro, wanda ya fi dogara da dodo ko abin ƙyama, ko da yake sukan shiga gonar juna. Ya kuma bambanta da labarin bincike, inda tambayar ita ce wa ya aikata. A fim ɗin fargaba tambayar ita ce ko zai tsira, kuma ta yaya.

Hitchcock ya fayyace wannan a hirar da daraktan Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966. Mutum biyu na zaune suna taɗi, bam ya tashi a ƙarƙashin tebur ba zato: an ba mai kallo razana ta daƙiƙa 15. Amma idan an nuna masa lokacin da aka ɗana bam ɗin, ya san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga kuma agogon bango na nuna saura kwata, to taɗin banzan nan ya zama zullumi na minti 15. Abin lura a misalin shi ne kayan da suka yi aikin: tebur da agogo. Ba wanda ya buɗe baki ya sanar da mai kallo komai, idonsa ne ya gani.

Wuri a nan ya wuce lokeshan da aka je aka ɗauki fim. Ya haɗa da girman ɗakin, inda ƙofofinsa suke, ko rana ce ko dare, ko ana ruwa, da yawan mutanen da ke kusa. Alama kuwa abu ne ko launi ko siffa da ke dawowa a cikin fim har ya ɗauki nauyin da ya fi amfaninsa na yau da kullum.

Abin da wuri ke ƙwace wa jarumi

Da zarar an buɗe fitowa, mai kallo kan auna wurin ba tare da ya sani ba: ta ina za a fita, ina za a ɓuya, wa zai ji idan an yi ihu. Masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ɗan Adam ya fi samun natsuwa a wurin da zai hango nesa, shi kuma ba a ganinsa. Masu fim ɗin fargaba sun daɗe suna aiki da kishiyar wannan. Wurin da suka zaɓa kusan kullum yana ƙwace wa jarumi wani abu: ko mafita, ko gani, ko maɓoya, ko mai taimako.

Mafi sauƙin ganewa shi ne ƙuntataccen wuri. A Rear Window na 1954, jarumin mai ɗaukar hoto ne da ya karye a ƙafa, yana zaune a keken guragu, yana leƙen maƙwabta ta taga. An gina farfajiyar gidajen gaba ɗaya a cikin situdiyon Paramount, kyamarar kuma kusan ba ta barin ɗakinsa. Yana da gani, amma ba shi da ƙafa. Lokacin da budurwarsa ta haura ɗakin mutumin da suke zargi da kisa, shi da mai kallo suna hango mutumin yana dawowa ta baranda, ita kuwa ba ta gani. Nisan farfajiyar ne ya hana a yi mata gargaɗi. A nan halin jarumin da na mai kallo sun zama ɗaya: duk biyun suna zaune, suna gani, hannunsu bai kai ba. Wannan ne ya sa fitowar ke da nauyi fiye da faɗa da harbi. An kai dabarar ƙarshenta a Buried na 2010, wanda daga farkonsa har ƙarshe ba a fita daga cikin akwatin da aka binne mutum da rai ba.

Sai dai duhu da ƙunci ba sharaɗi ba ne. Hitchcock ya ce a North by Northwest na 1959 da gangan ya guje wa abin da aka saba, wato lungu mai duhu da titi mai danshi da baƙar mota. Ya sauke jaruminsa daga bas a mararrabar hanya da rana tsaka, fili fetal, ba gida ba bishiya. Mintuna suna wucewa ba kiɗa, mota ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Can nesa jirgin feshin gona yana shawagi, har wani mai jiran bas ya lura cewa yana feshi a inda babu shuka. Jarumin na ganin ko'ina, amma kowa ma na ganinsa, kuma babu inda zai raɓa. Se7en na 1995 ya haɗa salon biyu: ya tsare mai kallo a birnin da ba a faɗi sunansa ba, cikin ruwan sama da ɗakuna masu duhu, sannan ya kai mafi munin abin da ke cikin labarin wani fili mai haske ƙarƙashin manyan turakun wutar lantarki. Bayan doguwar tafiya a duhu, jiki kan ɗauki haske a matsayin sauƙi, sai ga shi ba haka ba.

Cunkoson jama'a ma na iya ƙwace taimako. A fim ɗin Indiya Kahaani na 2012, mace mai juna biyu na neman mijinta a birnin Kolkata a lokacin bikin Durga na mabiya addinin Hindu. Titunan sun cika maƙil, amma ba wanda ya san ta, kuma duk wanda ke bin ta zai iya sajewa da mutane.

Akwai kuma wurin da ke ɗauke da jigon labarin a jikinsa. A Parasite na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2019, talakawa na zaune a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa, tagarsu daidai da ƙafafun masu wucewa, attajirai kuma a kan tudu. Gidan attajiran ba gida ba ne na gaske, gina shi aka yi don fim ɗin, aka tsara shi ta yadda wani zai laɓe ya ji maganar wani ba a gan shi ba. A daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kyamara ta bi talakawan suna gangarowa matakala bayan matakala tare da ruwan, har suka iske ɗakinsu ya cika. Ruwan da ya zame wa na sama abin sha'awa ta gilashi shi ne ya raba na ƙasa da makwanci. Ba a buƙaci jawabi a kan bambancin arziki ba.

Inda salon ya samo asali

Tushe ɗaya yana Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 an zana inuwoyi da fenti a kan bango, aka karkata gidaje da tagogi, don wurin ya nuna rikicewar hankalin mai ba da labarin. Hitchcock ya yi aiki a situdiyoyin Jamus a tsakiyar shekarun 1920, daraktoci irin su Fritz Lang kuma sun bar ƙasar bayan hawan 'yan Nazi mulki a 1933, suka ƙarasa Amurka da salonsu. Daga nan inuwa mai kaifi da titi mai danshi suka zama ruwan dare a finafinan laifi na shekarun 1940.

Tushe na biyu takunkumi ne. Daga 1934 aka fara tsaurara dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda ta taƙaita nuna kisa ƙuru-ƙuru da tsiraici, ba a kuma yi watsi da ita gaba ɗaya ba sai 1968. Daraktan da aka hana shi nuna abu sai ya koyi nuna gefensa: inuwa a bango, ƙofa tana rufuwa, hannu ya saki abin da yake riƙe. Wani lokaci kuma matsalar kayan aiki ce. A wajen ɗaukar Jaws na 1975, kifin shak na inji da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole daraktan, Steven Spielberg, ya rage nuna shi.

Yadda abu ke zama alama

Abin da Spielberg ya yi amfani da shi a madadin kifin ya nuna yadda alama ke samuwa. Mafarautan sun harbi kifin da mashi mai igiya, igiyar kuma a ɗaure da ganga mai launin rawaya. Mai kallo ya ga wannan da idonsa. Daga nan duk lokacin da ganga ta ɓullo a saman ruwa, ya san abin da ke ƙarƙashinta. Gangar ba ta da wata ma'ana kafin fim ɗin ya ba ta. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Aikin darakta shi ne ya fara yin saran, sannan ya riƙa jefo tsumman.

Fritz Lang ya yi hakan tun a M na 1931. An nuna wani mutum ya saya wa ƙaramar yarinya balan-balan, tana riƙe da ƙwallonta. Uwarta na jiran ta a gida, tana kiran sunanta. Sai aka nuna matakala ba kowa, kujerarta a gaban tebur ba kowa, ƙwallo ya gangaro daga cikin ciyawa ya tsaya, balan-balan kuma ya maƙale a wayoyin tangaraho. Ba a nuna gawa ba, ba a nuna jini ba. Mai kallo ne ya ƙarasa hoton a zuciyarsa, kuma abin da mutum ya zana wa kansa ya fi wuyar gogewa.

Wannan na da alaƙa da gwajin da ake jingina wa ɗan Rasha Lev Kuleshov a wajen shekarun 1920. Ya haɗa hoton fuskar ɗan wasa guda da hotuna daban-daban, kwanon abinci, akwatin gawa, da mace a kishingiɗe, aka ce masu kallo sun ga yunwa, baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta canza ba. Ainihin fim ɗin ya ɓace. Wani gwaji da aka maimaita a 1992 bai samu wannan sakamako ba, wasu na baya-bayan nan kuma sun samu tasirin, sai dai bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Girman abu a allo ma magana ne. A Notorious na 1946 kyamara ta taso daga saman bene, ta ratsa taron liyafa, ta sauko har cikin tafin hannun jaruma inda ta damƙe ɗan makulli. Ɗauka ɗaya ta gaya wa mai kallo cewa duk wannan taro a kan makullin nan yake.

Abin da bincike ya gano

A 2008 Uri Hasson da abokan aikinsa a Jami'ar New York sun wallafa sakamakon gwajin da suka sa mutane kallo a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da aka nuna musu wani shirin talabijin na Hitchcock, fiye da kashi 65 cikin 100 na ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya yi aiki iri ɗaya daga mutum zuwa mutum. Da aka nuna musu hoton wani dandalin shaƙatawa da aka ɗauka ba tsari, adadin bai kai kashi 5 ba. Wani binciken na 2015, ƙarƙashin Matthew Bezdek, ya nuna cewa idan zullumi ya yi tsanani, ƙwaƙwalwa kan rage kula da abin da ke gefen allo ta tattara hankali a kan labarin.

Ya kamata a karanta waɗannan da hankali. Sun nuna cewa tsararren hoto na iya jan hankalin mutane da yawa zuwa wuri guda. Ba su nuna cewa fim ɗin da ya fi jan hankali ya fi kyau ba, kuma ba su ware aikin wuri daga aikin kiɗa ko labari ba.

Inda ake saɓani

Ɓangare na farko na ganin hoto ne ke yin aikin. Hujjarsu ita ce fitowar da aka kashe wata mata tana wanka a banɗaki a fim ɗin Hitchcock, Psycho na 1960, wadda aka ɗauka ta kusurwa 78 aka yanka ta sau 52, a wurin da mutum ke tsirara, ruwa ya toshe masa ji, labule ya tare masa gani. Ɓangare na biyu, wanda masanin halayyar ɗan Adam Dolf Zillmann ya yi fice a cikinsa, na cewa zullumi ba ya samuwa sai mai kallo ya damu da wanda ke cikin haɗari. A wurinsu, ɗaki mai duhu da mutumin da ba ruwanka da shi a ciki ɗaki ne kawai. Na uku kuma na nuni da sauti, suna kafa hujja da fitowar banɗakin nan ita kanta: Hitchcock ya so a bar ta ba kiɗa, Bernard Herrmann ya rubuta mata kiɗan goge mai tsinin sauti, da daraktan ya ji sai ya sauya ra'ayi. Kowane ɓangare na da abin kamawa, kuma a aikace da wuya a sami fitowa mai ƙarfi da ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta fassara. Masu kallon The Godfather na 1972 sun lura cewa lemu kan bayyana kafin a kashe wani, amma an ruwaito cewa mai tsara wuraren fim ɗin ya sa shi ne don ya haska ɗakuna masu duhu. A The Departed na 2006 kuwa, alamar X da ke bayyana kusa da waɗanda za su mutu da gangan daraktan, Martin Scorsese, ya sa ta, yana koyi da Scarface na 1932. Masu goyon bayan fassara na cewa niyyar darakta ba ita ce hukunci ba, tun da abin da ya maimaitu a allo yana aiki a kan mai kallo ko an nufa ko ba a nufa ba. Masu suka na cewa idan an buɗe wannan ƙofa, kowa zai ga abin da yake so. Ma'aunin da ya fi tsayawa shi ne a tambaya: abin ya dawo fiye da sau ɗaya, kyamara ta ba shi muhimmanci, kuma dawowarsa na canza abin da mai kallo ke tsammani?

Launi ya fi komai faɗawa wannan tarko. Jadawalin da ke yawo yana cewa ja haɗari ne, fari tsarki ne, bai yi la'akari da cewa ja launin murna ne a ƙasar Sin ba, fari kuma launin makoki ne a wurare da dama na Indiya. Tsoron tsayi, duhu da rashin mafita sun fi kusa da zama na kowa da kowa. Ma'anar launi kuwa ko al'ada ce ta koyar, ko fim ɗin da kansa.

Abin da ke biyo mai kallo gida

Tasirin ba ya ƙarewa da ƙarewar fim. Janet Leigh, 'yar wasan da ta fito a matsayin matar da aka kashe a fitowar banɗakin Psycho, ta sha faɗa cewa ta daina wanka a shawa bayan ta ga fim ɗin. A wani bincike na 1999, Kristen Harrison da Joanne Cantor sun tambayi ɗaliban jami'a a Amurka game da kallon da ya taɓa firgita su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce har lokacin abin bai sake su ba. Binciken Cantor ya kuma nuna cewa ƙananan yara sun fi tsorata da mummunar siffa, waɗanda suka tasa kuma da haɗarin da zai iya faruwa da gaske. Wannan na da amfani ga iyaye: fim ɗin da ba jini a cikinsa na iya hana yaro barci idan an ɗora haɗarin a ɗakin kwana ko banɗaki, wuraren da dole ya shiga kullum. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya na lissafa barazana a matsayin abin dubawa na daban da tashin hankali wajen sa wa fim iyakar shekaru.

Alama kan kuma manne wa mutane da wurare na gaske. Peter Benchley, marubucin littafin da aka yi Jaws da shi, ya ƙare rayuwarsa yana fafutikar kare kifayen shak, Spielberg kuma ya ce a 2022 yana nadamar ɓarnar da aka yi musu bayan fim ɗin. A 2018 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta ce ba za ta ƙara ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta ba, bayan koken masu irin wannan tabo. Masu adawa da matakin na ganin shiga ne cikin 'yancin mai fasaha, masu goyon baya kuma na cewa su ne ke shan kallon tsoro a titi. Ta wani gefen, wuri na iya jawo hankali ga halin da mutane ke ciki. Da ambaliyar Agustan 2022 ta kashe mutum uku 'yan gida ɗaya a irin ɗakin nan na rabin ƙasa a Seoul, kafafen labarai na duniya sun gane wurin nan take saboda Parasite, hukumomin birnin kuma suka sanar da shirin daina amfani da irin ɗakunan a matsayin gidan zama.

Sai batun allo. Yawancin dabarun nan an ƙirƙire su ne don babban majigi a ɗaki mai duhu. A wayar hannu, mutumin da ke tsaye a ƙarshen fili ya zama ɗigo, matse bidiyon da ake yi don ya yi sauƙin saukewa kuma yakan haɗiye abin da ke cikin inuwa, sai duhun da aka tsara don a ɗan hango wani abu a cikinsa ya koma baƙi ƙirin. Da yawa daga masu kukan cewa finafinan yanzu ba a ganin komai a cikinsu wannan matsalar ce ke damun su. Wasu masu shirya fim sun amsa da matso da kyamara kusa da fuska, wasu kuma sun mayar da allon kansa ya zama lokeshan, kamar Searching na 2018, inda uba ke neman 'yarsa da ta ɓace kuma duk abin da ake gani yana kan fuskar kwamfuta da waya ne.